Ubana a Kurkukun Mijina

Ranar da aka rantsar da mijina minista, mahaifina yana cikin shekararsa ta shida a kurkuku. Watan Yuli ne na shekarar 1937, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ban je fadar Gwamna ba. Na zauna a gida ina tsintar shinkafa, tsakuwa ɗaya sai in juya ta sau uku kafin in yar. Mijina Dinkar ya fita da safe a keken doki, sanye da farin saƙi da farar hula, ya dawo da la'asar a cikin baƙar mota mai 'yar tuta a goshi. Maƙwabta suka fito ƙarƙashin laima suna kallo.

Da ya shigo na ce, "Wace ma'aikata aka ba ka?"

Ya ce, "Shari'a da gidajen yari."

Na ajiye faifan. Ya durƙusa a gabana da jiƙaƙƙen wando ya ce, "Indu, kafin damina ta ɗauke Guruji zai ci abinci a ɗakin nan. Ki rubuta ki ajiye."

Sunan mahaifina Narhari Sathe, amma tun da na yi wayo ban ji wani ya kira shi da wani suna ba sai Guruji, wato Malam. Shekara talatin yana shugabantar makarantar garinmu. Dinkar Tembe ɗalibinsa ne, maraya, a gidanmu ya ci ya sha har ya zama lauya, kuma da Baba ya tambaye ni ko ina sonsa ban ɓata masa lokaci ba. A 1931 wani ɗalibin Baba ya harbi Baturen da ke mulkin gundumarmu. Bai mutu ba, hannunsa ne ya shanye. Aka sami bindigar a cikin kabad ɗin taswirori na makaranta. Alƙali ya tambayi Baba ko ya san tana wurin, ya ce ya sani. Aka yanke masa shekara goma sha huɗu, aka kai shi babban kurkukun lardi, wanda muke kira Gidan Dutse.

To, sai ga shi Turawa sun yarda a yi zaɓe, kowane lardi ya sami majalisa da ministoci 'yan ƙasa. Gwamna Bature yana nan a sama, ya riƙe wa kansa iko a kan duk abin da ya ga dama ya kira zaman lafiya, amma a lokacin ba wanda ya tsaya duba wannan. Murna muke yi. Ministoci shida ne, shugabansu Firimiya Ghatpande, wani dattijon lauya mai ƙiba, bakinsa kullum ja saboda taunar ganyen pan, wanda ake ci kamar goro. Gwamnatin haɗin gwiwa ce, da kujeru huɗu kacal ta fi 'yan adawa, kuma biyar daga cikin kujerunta na mutanen Dinkar ne, wakilan leburorin auduga da ƙananan manoma.

Aka kwashe mu zuwa gidan gwamnati mai ɗaki goma sha biyu. Ni dai ɗaki biyu na share muka zauna, sauran na bar su a kulle da warin Turawan da suka tashi.

Watannin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Dinkar ya sa hannu aka saki fursunonin siyasa ɗari uku da ashirin, waɗanda aka ɗaure saboda jawabi ko jerin gwano ko ƙin biyan haraji. Ya hana bulala. Ya hana a ɗaura mutum a injin matse mai ya yi ta zagayawa kamar sa. Kullum da safe ƙofar gidanmu cike take da tsofaffin mata, sun kawo furanni da kwakwa, suna neman taɓa ƙafarsa don girmamawa. Yana ja da baya yana cewa, "Haba Inna, ni ɗanki ne."

Saura mutum goma sha ɗaya, waɗanda shari'arsu ta haɗa da makami. Baba ne babbansu. Takardarsu ta tafi fadar Gwamna a watan Agusta, ta dawo a Satumba da 'yan kalmomi a gefe da jan fensir: a tattauna a majalisar ministoci.

Abin da ya faru a zaman, daga bakin Dinkar na ji shi, ranar da ya dawo ya kasa cin abincin rana. Gwamna ne ke zama a kan tebur, ministoci uku dama, uku hagu. Mutum ne mai ladabi, in ji Dinkar, bai taɓa ɗaga murya ba.

Gwamna ya ce, "Mista Tembe, na san al'amarin nan ya taɓa iyalinka. Idan kana so ka fita mu tattauna, ba wanda zai ga laifinka."

Dinkar ya ce, "Ranka ya daɗe, sunaye goma sha ɗaya ne a takardar, ba ɗaya ba."

"Haka ne. Goma sha ɗayan kuma duk sun san yadda ake ɗana bindiga. Ina da ma'aikata a ƙauyuka, su kaɗai da matansu. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu jama'a sun zaɓi gwamnati, gwamnatin kuma ta yanke shawara."

Gwamna ya yi murmushi ya dubi sauran. Ministan ayyuka yana kallon fanka. Ministan ilimi yana gyara alƙalaminsa. Firimiya ya yi gyaran murya ya ce ai ba za a rasa tsakiya ba. Tsakiyar da aka samo ita ce: kowane ɗaya ya sa hannu a takarda cewa ya yi nadamar abin da ya aikata, kuma ya rabu da hanyar makami har abada. Wanda ya sa hannu ya tafi gida.

Na ce, "To ai shi ke nan. Layi biyu ne."

Dinkar ya girgiza kai. Ya fi ni sanin malaminsa.

Ranar Lahadi muka tafi Gidan Dutse, tafiyar awa huɗu a mota. Na yi wa Baba gurasar dawa, na zuba masa ɗanyen mangwaro mai yaji a 'yar kwalba. A bakin ƙofa shugaban kurkukun, Manjo Haddow, ya ƙame ya sara wa Dinkar. Shekara bakwai da suka wuce shi wannan Manjon ne ya sa aka aske wa Dinkar kai, lokacin da ya yi wata shida a wurin saboda jawabi. Duk su biyun suka yi kamar sun manta.

Aka shigo da Baba ofis. Wata biyar rabona da shi, amma da ƙyar na gane shi. Gajeren wandon fursuna yana lilo a jikinsa, wuyansa ya zama kamar na kaza. Idanun ne kawai nasa.

Manjo ya sa aka kawo kujera. Baba ya ce, "A'a, fursuna ba ya zama gaban minista." Ya haɗa tafin hannu ya sunkuya. "Ranka ya daɗe. An zo duba mu?"

Dinkar ya faɗi ya taɓa ƙafafunsa. "Guruji, don Allah."

"Tashi, kana ɓata wandon gwamnati." Ya juyo gare ni. "Ke kuma kin rame. Ba ya ba ki abinci ne a gidan sarautar?"

Na buɗe ƙunshin. Haƙoransa na gaba sun zube, sai da aka kawo shayi ya riƙa tsoma gurasar. Ya ci rabi, ya lashi yajin, hawaye suka zubo masa, ya ce gishiri ya yi yawa, uwata ba ta koya mini da kyau ba kafin ta rasu. Muka yi dariya. Dariyar ce ta taso masa da tari, ya juya baya ya tofa a tsumma, ya yi maza ya cusa a aljihu. Na riga na ga launin.

Dinkar ya miƙa masa takardar. Baba ya ari tabarau ɗin Manjo ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa kamar mai duba jarrabawa.

Ya ce, "Wa ya rubuta wannan? Turancinsa da kyau. Layi na biyu zan iya sa masa hannu yanzu. Ni da ba na iya ɗaga bokiti, ina ni ina bindiga. Amma na farko ya ce na yi nadama."

"Kalma ce kawai, Guruji."

"Kalma ce kawai. Dinkar, sau nawa na zane ka a kan ƙarya?"

"Sau biyu."

"Uku. Ka manta na lemun gonar Ganpat. Mutumin nan da aka harba, shi ya sa aka ƙone rumbunan ƙauyen Pimpri saboda haraji, yara suka mutu da yunwa a wannan rani. Na san bindigar tana kabad. Na yi kwana uku ina wucewa ta gabanta ban ɗauke ba. Na yi tunani a kan haka shekara shida, ba ni da wani aiki. Wani lokaci ina ganin kuskure ne. Amma nadama, ban same ta ba. In na same ta zan aiko maka."

Na ce, "Baba, ka sa hannu don ni."

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ke kaɗai ce bai kamata ki faɗi haka ba, don ke kaɗai ce zan iya ji." Ya mayar wa Manjo tabarau. "Lokaci bai cika ba ne, Manjo? Kada a ce an yi wa surukin minista alfarma."

A cikin makon ya tara sauran goman ya umarce su su sa hannu. Yara ne, ya ce, suna da iyaye da gonaki, kuma zunubin ƙaryar yana wuyansa. Suka sa suna kuka, aka sake su. Aka bar shi shi kaɗai.

Daga nan masu furanni suka fara raguwa a ƙofarmu. Wata rana da hantsi Baburao Phadke ya zo. Shi ma ɗalibin Baba ne, abokin wasan Dinkar tun suna ƙanana, yana cikin ɗari ukun da aka saki, kuma ya buɗe wata 'yar jarida mai shafi huɗu. Ya ƙi zama, ya tsaya a baranda yana leƙa motar.

Ya ce, "Yaya Indu, kujerun nan da taushi kuwa? An ce mutum in ya zauna a kai ba ya iya tashi."

Dinkar ya ce, "Shigo ka sha shayi, Baburao."

"Shayin Sarkin Ingila? Cikina bai saba ba. Na zo ne in tambayi Mai Girma Minista abu ɗaya, in buga wa masu karatu. Mabuɗin Gidan Dutse a hannun wa yake?"

"Ka sani."

"Ban sani ba. An ce mana mun ci zaɓe. In a hannunka yake, ka buɗe. In ba a hannunka yake ba, me kake yi a nan? Gadin mota?"

"Ba don kujerar nan ba, da yanzu kana zagaya injin mai."

"Na gode. Ka mayar da ni, ka fito da shi." Ya juyo gare ni, muryarsa ta sauka. "Yaya, an ce jini yake tofarwa. Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne. Ya sauka daga barandar ya tafi, ko sallama bai yi ba.

Da ya fita na ce wa Dinkar, "Ka sauka."

Ya ce, "In na sauka, mutanena biyar za su biyo ni. Gwamnati ta faɗi, Gwamna ya karɓi mulki da kansa. A lokacin wa zai buɗe wa Guruji ƙofa?"

"In ka zauna fa, wa zai buɗe?"

Ya cire hularsa ya ajiye.

Na ce, "Ka tsorata su mana. Ka ajiye takardar sauka a kan tebur, ka ga in ba za su ruɗe ba."

"Na gaya wa Firimiya haka. Ya ce Gwamna jira yake yi. Masu manyan filaye kullum suna fada suna roƙonsa ya rushe mu kafin dokar manoma ta wuce. Indu, kin san dokar nan. Mutum ya noma gona shekara goma sha biyu, mai fili ba shi da ikon korarsa. Gidaje dubu ɗari huɗu ne. A kanta aka zaɓe ni. Guruji ne ya fara koya mana ita a aji."

"Kada ka kawo mini dubu ɗari huɗu. Ni uba ɗaya gare ni."

Ya ɗauki hularsa ya tafi ofis. Daga ranar na daina zama kusa da shi in yana cin abinci. Sai in zuba, in rufe, in koma kicin.

Bayan kwana uku Firimiya Ghatpande ya zo da kansa, lokacin da ya san Dinkar ba ya nan. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kan tabarma, da ƙyar, yana nishi.

Ya ce, "'Yata, ba a matsayin Firimiya na zo ba. Ni da ubanki tare muka yi makaranta. Ya fi ni ƙwaƙwalwa, na fi shi haƙuri, shi ya sa yake can nake nan. Wata uku nake roƙo. A watan Fabrairu dokar za ta wuce. Ranar da ta wuce, ni da kaina zan je wurin Gwamna in ce ko Narhari ko mu duka shida. Na rantse miki."

Na ce, "Kawu, ka ga tsumman da yake tofawa a ciki?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Za mu kai shi asibiti. Wannan ba ya buƙatar nadama."

Ya yi ƙoƙari, ban hana shi wannan ba. Gwamna ya yarda a kai Baba asibitin masu tarin fuka da ke kan tudu, da ɗan sanda a bakin ƙofa. Amma ƙa'ida ta ce sai likitoci uku sun zauna sun duba shi. Ɗaya ya tafi hutun Kirsimeti farauta. Da ya dawo, wani ya tafi taro. Dinkar yana bugun waya har muryarsa ta dushe, kowa yana ce masa, "To, ranka ya daɗe, yanzu-yanzu." Ba wanda ya taɓa ce masa a'a. Sai ƙarshen Janairu suka zauna. Da motar asibiti ta iso Gidan Dutse, likitan kurkuku ya fito ya ce hanyar tudu za ta kashe shi kafin a yi rabi. Motar ta koma ba kowa.

Manjo Haddow, wanda ban taɓa zaton alheri daga gare shi ba, ya ba ni izinin zama da Baba a ɗakin jinyar kurkukun daga safe zuwa la'asar. Na kama ɗaki a gidan wata gwauruwa kusa da ƙofa. Kwana tara na yi. Gado takwas ne a ɗakin, wani ɓarawon shanu da ke gado na kusa shi ke juya Baba in na tafi. Ina ba shi ruwan shinkafa da cokali, yana karɓar uku ya kau da kai.

Dinkar ya zo sau ɗaya, ranar Lahadi. Baba bai tsokane shi ba a ranar. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Dokar taka, shekara nawa ka sa?"

"Goma sha biyu, Guruji."

"Sun yi yawa. Bakwai."

"Ba za ta wuce da bakwai ba."

"To, goma sha biyun." Ya rufe ido. "Yaushe ne ƙuri'a?"

"Laraba."

"Kada in ji ka zo nan ranar Laraba."

Ranar Laraba da hantsi ya cika. Ba wata magana ya bari ba. Ya nemi a ɗaga shi zaune don numfashi, na jingina shi a ƙirjina, ɓarawon shanun yana masa fifita da murfin kwano, sai na ji nauyinsa ya canza. A wannan lokacin Dinkar yana tsaye a majalisa yana jawabi. An miƙa masa takardar wayar tangaraho ta rasuwar yana tsakiyar magana, ya karanta, ya sa a aljihu, ya ƙarasa. Dokar ta tsallake karatu na biyu da ƙuri'a uku. Da yamma aka kawo masa takardar izinin ba da gawar fursuna mai lamba kaza ga danginsa. Wannan ba ta buƙatar zuwa fada. Ya sa hannu.

Washegari muka kai shi garinmu. Ban taɓa ganin jama'a haka ba, kasuwar auduga ta rufe, ɗalibansa na shekara talatin sun zo daga ko'ina. Mata ba sa bin gawa bakin kogi, inda muke ƙona mamatanmu, amma na bi, ba wanda ya iya ce mini kome. An jera itace, an ɗora shi. Baba ba shi da ɗa namiji, saboda haka Dinkar ne zai sa wuta. Da ya matso, Baburao da wasu samari suka tare hanya.

Baburao ya ce, "Ba kai ba."

Wani daga baya ya yi ihu, "Mai gadin Turawa!" Wani ya jefo takalmi, ya sami Dinkar a kunne, hularsa ta faɗi cikin laka. Baturen 'yan sanda da ke kan gaɓa ya busa usur, mutanensa suka ɗaga sanduna suka fara gangarowa. Dinkar ya juya ya daka musu tsawa, irin da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce su koma bakin titi, duk wanda ya taɓa mutum ɗaya a nan ya bar aiki yau. Suka koma.

Ya tsaya ba hula, jini yana bin wuyansa. Na san idan aka bar shi juyawa zai yi ya tafi. Wata uku ke nan ban yi masa wata magana ba sai ta gishiri da wanki. Na ratsa maza na je na karɓi itacen wutar daga hannun mai addu'a.

Na ce, "Baburao, ubanka ne ko nawa?"

"Yaya..."

"A gidanmu ya girma. Baba ne ya zaɓe shi. Matsa."

Ya matsa. Na sa wa Dinkar itacen a hannu. Ya riƙe da hannu biyu.

Dokar ta gama wucewa a watan Afrilu. Aka yi ta buga ganguna a ƙauyuka. Aka kai wa Gwamna ya sa hannu, ya ce abu ne da ya shafi haƙƙin mallaka, ya fi ƙarfinsa, sai an aika Delhi, babban birnin ƙasa. Delhi ta yi tambayoyi, aka amsa. Ta sake yin wasu. Masu filaye kuwa ba su zauna jira ba. Duk manomin da ya kai shekara tara, ko goma, ko sha ɗaya a gona, aka kore shi kafin shuka, don kada dokar ta zo ta same shi a ciki. Waɗanda suka wuce sha biyu aka canza musu gona, aka ce sababbi ne. A wannan damina da ta bayanta an kori mutane fiye da yadda aka kora a shekaru goma. Suka riƙa zuwa ƙofarmu da amalanke, da tukwane da akuya da tsofaffi a kai. Ba su yi zagi ba. Zama kawai suke yi a gindin bishiyoyin gidan gwamnati, in Dinkar ya fito su miƙe tsaye. Yana karɓar takardunsu ɗaya bayan ɗaya, yana aikawa ofis.

Firimiya ya daina zuwa gidanmu. In mun haɗu a taro sai ya haɗa hannu daga nesa.

A watan Satumba na 1939 Turawan Ingila suka shiga yaƙi da Jamus, suka sanar cewa mu ma mun shiga, ba tare da an tambayi ko minista ɗaya ba. Bayan wata biyu ministocin lardinmu shida suka je fada suka ajiye aiki. Gwamna ya yi musu godiya, ya ba su shayi, ya karɓi mulki da kansa. Dokar manoma tana Delhi ba a sa mata hannu ba, a can ta mutu.

Muka koma ɗaki biyu na haya a bayan kasuwar auduga. Kayanmu duka amalanke ɗaya ya ɗauka. Dinkar ya koma lauya, yawanci shari'ar manoman da aka kora yake karɓa, yawanci kuma yana faɗuwa, don doka tana bayan mai fili. Da aka sami 'yancin kai aka yi wata dokar da ta fi tasa ƙarfi, da sunan wani minista. An zo an roƙe shi ya tsaya zaɓe sau biyu, ya ce ƙafarsa tana ciwo. Baburao ya zama ɗan majalisa, daga baya har minista, kuma duk shekara shi ke jawabi ranar tunawa da Guruji. Yana aiko mana da katin gayyata. Ni nakan je.

Na koma zama kusa da Dinkar in yana cin abinci, ban san ranar da na fara ba. Mun haifi 'ya'ya mata biyu bayan haka, mun aurar da su. Shekara ashirin da huɗu muka ƙara yi tare, kuma mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Maganar Gidan Dutse kuwa ba mu taɓa yin ta ba, ko sau ɗaya. Ban ce masa na yafe ba, shi ma bai nema ba. Wani lokaci ina ganin da na faɗa masa. Wani lokaci kuma sai in tuna nauyin Baba a ƙirjina, in ji har yanzu da sauran abu.

Ya rasu a 1963, a harabar kotu, yana jiran a kira shari'ar wani mai gonar lemu. Jaridar lardi ta ba shi layi huɗu a shafi na shida, ta ce tsohon ministan ayyuka ne. Ƙaramar 'yata ta so ta rubuta musu su gyara, na ce ta bari.